Jihar Maradi ba jihar Katsina ba ce: kurakuran da ake yi kan dokar meri

Wanda ya saba bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ya sha jin ana cewa majalisar jiha ta kafa doka, sai ya dawo gida ya ɗauka haka abin yake a nan Maradi. Wannan kuskuren shi ne ya haifi sauran. Najeriya tarayya ce, jihohinta 36 kowace da majalisar da ke yi mata doka, da haka Katsina ta kafa shari'a a 2000. Nijar kuwa dunƙulalliyar ƙasa ce. Muna cewa jiha, muna cewa gwamna, amma gwamnan Maradi daga Yamai ake naɗo shi, wakilin gwamnati ne. Dokar da ta hau kan mutumin Tibiri ita ce ta hau kan na Bilma.

To abin da meri, wato ofishin magajin gari, ke fitarwa fa? Arete ne, wato takardar umarnin hukuma, ba doka ba, ko da yake a bakinmu duk doka muke ce musu. Ikon meri aro ne daga dokar ƙasa, musamman kundin ƙananan hukumomi na ranar 17 ga Satumban 2010. Tsabtar gari, tsarin kasuwa da tasha, wurin tsayuwar ƴan kabu-kabu, bisashen da ake saki suna yawo, duk huruminta ne. Amma ba ta iya ƙirƙiro laifin da za a ɗaure mutum a kansa, ba ta iya halatta abin da ƙasa ta hana. Wani lokacin ma laifin da ba nata ba ake ɗora mata: hana leda da ake cewa rigimar meri ce, dokar ƙasa ce ta 2014.

Gyaran ba wuya. In an ce maka an hana kaza, nemi ganin takardar. A samanta akwai layukan da ke farawa da kalmar Faransanci "Vu", nan ake jera dokokin da aka dogara da su. In ba ka jin Faransanci, kai wa ɗan lakwal ya karanta maka. Takardar da ba ta da madogara, da ita da magana a majalisar shayi duk ɗaya.

Kan kuɗi aka fi cutuwa. Meri ba ta ƙaga haraji don ranta, dokar haraji ta ƙasa ce ke faɗin irin wanda za ta karɓa. Kome ƙanƙantar abin da ka biya, ko dala ashirin ce, karɓi tikiti.

Wasu kuma sun ɗauka tun da aka rusa zaɓaɓɓun majalisu a Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, maganar kantoma ta zama yankan wuƙa. Kujerar magajin gari ya hau, iyakarta ita ce iyakarsa. Haka gundumomi uku na birnin Maradi, suna ƙarƙashin babbar meri ne.

In arete ya taka maka haƙƙi, kada ka tsaya ga kai kuka fada. Sarki sulhu yake yi, ba ya soke takardar hukuma. Rubuta wa wanda ya sa hannu, ka riƙe kwafi mai hatimi, ka sanar da ofishin gwamna, don shi ke duba ko abin da birni ya yanke ya bi doka. In ba ta ɓulle ba sai kotu, kuma da hanzari, ƙara irin wannan tana da wa'adi.