Yadda za ka sa GitHub Actions ya riƙa ɗora manhajarka kan sabar

GitHub Actions tsari ne na GitHub da ke gudanar da ayyuka kai-tsaye bisa umarnin da ka rubuta masa. Da farko ka buɗe fayil .github/workflows/deploy.yml a ma'ajiyar aikinka, ka sa ya riƙa tashi duk sa'ad da aka tura canji zuwa reshen main. Kula da tazarar layuka: YAML, tsarin rubutun wannan fayil, ba ya karɓar tab, kuma gurbi ɗaya in ya goce, aikin ba zai tashi ba.

Sai mabuɗin da GitHub Actions zai shiga sabar da shi. Ƙirƙire shi da ssh-keygen -t ed25519. Za ka samu mabuɗi biyu: na fili ya shiga fayil ɗin authorized_keys a sabar, na sirri kuma a ajiye shi a Secrets, wurin ajiyar sirri na GitHub. Kada ka kuskura ka sa na sirrin cikin ma'ajiya. Ko ka goge daga baya, yana nan daram a tarihin Git.

Raba aikin gida biyu, gwaji da ɗorawa, ka ɗaure na biyun da na farko ta umarnin needs don kada ya motsa sai gwaji ya yi nasara.

Wajen ɗorawa ne akasari ake tafka kuskure. Kada ka zuba sabbin fayiloli kan tsofaffi yayin da jama'a ke amfani da shafin, domin wani zai ci karo da rabi sabo rabi tsoho. Kowace fitowa ta samu foldarta, sannan ka karkata mahaɗin current, wato mahaɗin da ke nuna foldar da sabar ke aiki da ita, zuwa gare ta. Bar fitowa biyar na baya a ajiye. In sabuwar ta ba da matsala, mayar da mahaɗin kan tsohuwar, ka sake kunna manhajar. Sai dai wannan ba ya dawo da rumbun bayanai, don haka kada ka share ginshiƙin bayanan da tsohuwar fitowa ke karantawa.