Yadda za ka yi godiyar kaka ta kai ka har watan Agusta

Kaka ta shigo, masara ta shiga buhu, dawa na kan hanya, coci-coci kuma an fara sanarwar ranar godiya. Daga Oktoba zuwa Disamba kusan duk Lahadi akwai inda ake yi, ko ECWA ko COCIN ko EYN ko HEKAN, ga kuma Katolika da Angilikan masu haɗa nasu da gwanjo bayan sujada. Za ka ga doya, damin dawa, kaji, har da akuya ana jan ta tana turjewa zuwa gaban bagade, Zumuntar Mata sun sha anko suna buga tulu, ana kiran iyali ɗaya-ɗaya suna fitowa da rawa. Ni ina son ranar nan sosai, kar wani ya ɗauka kushe na zo yi. Abin da ke damuna shi ne godiyar kan ƙare tare da shinkafar da aka dafa, kafin Laraba mun koma ƙorafin kuɗin mota da kuɗin makaranta kamar ba mu ne muka yi rawa ba.

Ko a Amurka da suke da hutu guda na godiya haka abin yake. Alhamis ta huɗu ta Nuwamba suke yi, tun 1863 Shugaba Lincoln ya ayyana ranar godiya ta ƙasa ana tsakiyar yaƙin basasa, iyali su taru a ci talotalo a yi addu'a, amma washegari Jumma'a kowa ya bazama kantuna rububin kayan da aka karya wa farashi, abin da ma ya iso mana yanzu ta kasuwannin intanet. Jiya an ce abin da Allah ya ba mu ya isa, yau an wayi gari a layi.

To ga yadda nake yi, wanda ya ga zai masa amfani ya ɗauka.

Fara tun kafin ranar, kamar da sati ɗaya. Ka sami littafin rubutu, irin na 'yan firamare ma ya isa, ka zauna da iyalinka da dare bayan tuwo ku bi shekarar wata-wata daga Janairu, me ya faru, wa ya yi ciwo ya warke, wane bashi aka biya, wace tafiya aka yi aka dawo lafiya, wa ya ranta mana taki lokacin da babu. A rubuta da suna da wata. Kar a ce "mun gode don rai da lafiya" a rufe littafi, wannan kowa na faɗa har ya zama kamar amsa gaisuwa, ka san mu ko an tambaye ka ya aiki cewa za ka yi da godiya ko da wata uku ba a biya ka albashi ba. Zabura 103 da kanta bayan ta ce wa rai kada ya manta da alheran Ubangiji sai ta shiga lissafo su ɗaya bayan ɗaya, gafara, warkarwa, fansa daga rami. Ku bar yara su faɗi nasu, za ku sha dariya, wani zai ce takalmin ƙwallo, a rubuta masa.

Maganar ambulan kuwa, a nan ne mutane da yawa ke shiga uku. Ka yanke abin da za ka bayar a gida kai da matarka ko ke da mijinki, ku yi addu'a a kai ku liƙe ambulan ɗin tun daren Asabar, kar ka bari sai an kama makirufo ana faɗin abin da wane ya bayar sannan zuciyarka ta fara lissafi. Ni na taɓa cin bashi saboda anko da ambulan kawai don kar a ce gidanmu ya fito hannu rabbana, na yi rawa har da juyi, sannan na yi wata biyu ina canza hanya in na hango mai kuɗin. Wannan ba godiya ba ce, tsoron bakin mutane ne. Gwauruwar da Yesu ya yaba a Markus 12 anini biyu ta jefa, kuma ba a yi mata sanarwa ba, shi ne ya lura. In mudu biyu na gyaɗa gare ki, ki ɗaura a leda ki fito da shi da fara'arki.

In an ba ka damar shaida, ka taƙaita, kuma ka lura da wa kake yabo. Bafarisiyen nan na Luka 18 ma da "na gode maka" ya buɗe addu'arsa, sai ya ɓuge da lissafin azuminsa da zakkarsa da yadda ya fi na kusa da shi. Shaidar sabuwar mota da ake minti ashirin ana faɗin kalarta da kuɗinta, ga wani a bencin baya ambaliya ta cinye masa shinkafa, a yi hattara dai.

Yanzu ga babban abin, wanda na fi so a riƙe. A wannan satin da rumbu ke cike, ka ware kason da ba naka ba ne kuma ba na coci ba ne, ka ajiye shi da sunan watan Agusta. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san marka, ruwa na zuba ba ƙaƙƙautawa, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, farashi ya hau, a lokacin ne gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira ke kwana da yunwa, alhali a Nuwamba kowa na ba su har ya yi musu yawa. Ka auna tiya biyar ko goma ko rabin buhu gwargwadon ƙarfinka, in wake ne ka sa a buhun nan mai leda biyu a ciki da ba ya shan iska ko a jarka ka toshe bakin sosai saboda ƙwari, ka rubuta Agusta a jiki da alƙalamin maka. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ba ya noma ya sayi nasa yanzu da hatsi ke da sauƙi. Wannan ba sabon abu ba ne, a Littafin Firistoci 19 an hana mai gona girbe gefen gonarsa da komawa yin kala, an ce a bar wa matalauci da baƙo, da wannan dokar ce Rut ta ci abinci a gonar Bo'aza. Maimaitawar Shari'a 26 ma da ta yi maganar kai nunan fari cikin kwando, a sura ɗin dai ta zarce kan Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Kuma in Agusta ta zo ka kai da dare ko ka aiki yaro, ban da hoto ban da Facebook. Kar ka tsaya duba cocin da mutum ke zuwa, ko ma masallaci yake zuwa, maƙwabcin da ke aiko maka naman layya shi ma marka na dukansa.

Sai mutane. Kutare goma Yesu ya warkar a Luka 17, ɗaya ne ya juyo, shi ma Basamariye, sauran tara ba wai sun yi wani mugun abu ba ne, gaba kawai suka yi da harkarsu. A littafin nan da kuka rubuta akwai sunaye, ka ɗauki ɗaya duk sati ka kira ko ka taka ka je, malamin da ya koya maka karatu, nas ɗin da ta tsaya kan matarka daren haihuwa, kawun da ya biya maka kuɗin WAEC shekara goma sha da suka wuce. Ka ce Baba na tuna abin da kuka yi mini ne na ce in gaishe ku, shikenan, kar ka haɗa da roƙo a ƙarshe don yana ɓata komai. Ai Bahaushe ya ce yaba kyauta tukwici.

Na san akwai waɗanda bana babu abin kawowa, wasu ruwa ya tafi da gonar, wasu ko zuwa gonar ba su iya yi ba saboda 'yan bindiga, wasu akwai kujerar da ta zama wayam a gida. Ba sai ka yi murmushin dole ba ɗan'uwa. 1 Tasalonikawa 5:18 cewa ta yi a yi godiya cikin kowane hali, ba ta ce ka kira masifa alheri ba. Ka karanta ƙarshen Habakuk sura 3, inda ɓaure bai yi toho ba, gona ba ta ba da komai ba, garke babu ko tunkiya, mutumin ya faɗi asararsa tsaf tukuna sannan ya ce duk da haka zai yi murna da Allah. Ka zo sujada ka zauna, in hawaye ya zo ya zo. Mu kuma dattawa da shugabannin zumunta, kayan da aka tara a gaban bagade kar gwanjo ya cinye duka, a fara cire na irin waɗannan gidajen kafin a buga ƙararrawa.

Littafin kuma kar a jefa shi ƙarƙashin katifa. Mu a gidanmu kusa da Littafi Mai Tsarki yake, duk daren Lahadi kowa ya faɗi abu ɗaya na satin a ƙara layi, wani satin mukan manta, wani satin NEPA ta ɗauke wuta a yi da tocilan waya, in aka tsallake sai a ci gaba daga inda aka tsaya ba tare da faɗa ba. Ka sa ƙararrawar tuni a wayarka ranar 1 ga Agusta, ka rubuta buhu da littafi, in ta buga ku buɗe shafin Nuwamba ku karanta da ƙarfi kafin a kwance bakin buhun.