Yadda za ka haɗa fim ɗin bayan fage idan mawaƙi ya ɗauke ka rangadi

Duk wanda ya taɓa riƙe kyamara a wajen gala ya san yadda abin yake, mawaƙi ya hau siteji, an saki kiɗa, mutane na ihu ana ta liƙi, kai kuma kana ɗauka har batir ya mutu, washegari ka yayyanka ka ɗora a YouTube. Wannan sunansa bidiyon gala, kuma kowa ma da wayarsa ya ɗauki irinsa a daren. Fim ɗin bayan fage wani aiki ne daban, kai ne za ka bi mawaƙin gari gari, a mota, a otal, a wajen rihazal wato gwajin wasa, a ɗakin canza kaya, ka kawo wa mutane abin da tikitinsu bai saya musu ba. Turawa sun daɗe suna cin kuɗi da wannan harka, mu kuwa mawaƙanmu na zaga Yamai da Maraɗi da Damagaram lokacin sallah su dawo, abin da ya rage na tafiyar bai wuce 'yan hotuna a Instagram ba.

Kafin ka sa batir a caji, ku zauna da mawaƙin da manajansa ku yi maganar da kowa ke gudu: wa ke da ikon cewa a cire kaza a bar kaza idan an zo editin? Wallahi a nan yawancin irin waɗannan finafinan suke rayuwa ko su mutu. Idan mawaƙi ne ya biya kuɗin komai to shi ke da wuƙa da nama, kar ka yaudari kanka. Beyoncé da ta fitar da Homecoming a Netflix a 2019 kan wasanta na bikin waƙoƙin Coachella na 2018, sunanta na cikin daraktocin fim ɗin, duk abin da ka gani ita ta yarda ka gani, kuma duk da haka ya yi kyau saboda ta yarda a nuna wahalar rihazal na wata da watanni bayan ta haifi tagwaye. Ke nan ba lallai sai ka ƙwace ikon ba, amma ka nemi abu biyu a rubuce. Ɗaya, babu mai ce maka kashe kyamara a tsakiyar abu, duk wani ƙorafi a bari sai an zauna kallon abin da aka haɗa. Biyu, a faɗa maka tun yanzu wuraren da ba a shiga, misali ɗakin da iyalinsa suke, ko lokacin da ake lissafin kuɗi da wanda ya shirya galar. Gara ka san iyakarka tun a gida da a kore ka gaban mutane a ƙasar da ba taka ba.

Sannan ba mawaƙin kaɗai ne zai sa hannu ba. 'Yan rawa, 'yan amshi, direba, mai kwalliya, mai riƙe masa waya, duk wanda fuskarsa da maganarsa za su fito sosai, ka ba shi takarda ya sa hannu, wanda bai iya karatu ba ka karanta masa da Hausa ka ɗauki amincewarsa a bidiyo. Kar ka ce ai 'yan gida ne. Fim ɗin Madonna na 1991, Truth or Dare, wanda Alek Keshishian ya bi ta rangadin Blond Ambition na 1990 ya ɗauka, har yau ana koyi da shi, amma a 1992 uku daga cikin 'yan rawarta sun maka ta a kotu kan yadda aka fito da su a ciki. A wajenmu abin ya ma fi haɗari, yarinya 'yar rawa za ta iya yin wasa da dariya a cikin mota tana ganin ba komai, fim ya fito ya isa hannun iyayenta ko dangin wanda zai aure ta, shikenan ka ɓata mata rayuwa a kan daƙiƙa goma. Irin wannan ko ta sa hannu ka koma ka nuna mata kafin ka saki.

Yanzu kayan aiki. Mutane na zuba duk kuɗinsu a kyamara su manta da sauti, alhali mai kallo zai haƙura da hoto mai ɗan duhu ko mai girgiza amma ba zai yi minti biyu yana jin magana ba ta fita ba. A bayan fage komai magana ce, ana raɗa, ana gardama, janareto na ruri a gefe, to ka samu ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga ka saka wa mawaƙin tun da safe, ka ƙara wani a kan manaja in da hali domin shi ne kullum yake cikin rigima. Ka gaya musu yana kunne, kuma ka nuna musu inda ake kashewa in za a shiga banɗaki ko za a amsa wayar gida, wannan amana ce. Sautin siteji kuma, je ka gaida mai mikisa, wato na'urar da ke haɗa sautin siteji, tun da rana, ka saya masa ruwan sanyi, ka roƙe shi ya ba ka layi ɗaya daga mikisa zuwa rikodarka. Sai dai sautin mikisa shi kaɗai busasshe ne, muryar mawaƙi da kiɗa kawai, babu ihun jama'a, saboda haka ka kafa wata rikoda tana fuskantar mutane nesa da sifiku, in an zo editin ka gauraya su. Duk lokacin da ka fara ɗauka da na'ura fiye da ɗaya ka tafa hannu sau ɗaya gaban kyamara, wannan tafin ne zai taimake ka ka daidaita sauti da hoto daga baya.

Fitilun siteji ma suna da nasu sharrin. Kar ka bar kyamara a otomatik, duk sanda fitila ta koma ja ko shuɗi sai ta rikice fuskar mawaƙi ta ƙone, ka saita launi da haske da hannunka ka kulle. A Najeriya da Nijar da Gana wutar lantarki na juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka ka ɗauka a firam 25, wato hoto 25 duk daƙiƙa, ka saita saurin shata a ɗaya bisa 50 na daƙiƙa, in ba haka ba za ka ga layuka na rawa a hoton musamman in akwai babban allo a bayan siteji. Gwada tun lokacin da suke gwajin sauti, ba sai an cika ba.

Lissafin wurin ajiyar bidiyo kuma kar ka raina shi. Idan kana ɗaukar 4K a megabit 100 duk daƙiƙa, awa ɗaya na cin kusan gigabait 45, kai kuma a rana za ka iya ɗaukar awa biyar ko shida. Kowane dare, komai gajiya, kafin ka kwanta ka kwashe memori zuwa had dis guda biyu, ka rubuta kwanan wata da sunan gari a kan fayil ɗin, ɗaya a jakarka ɗaya a jakar wani da ba mota ɗaya kuke shiga ba. Ka kuma riƙe ɗan littafi kana rubuta abin da ya faru yau a layi uku ko huɗu, wa ya yi faɗa da wa, a ina mota ta lalace, wace magana aka faɗa mai daɗi da ƙarfe nawa. Bayan wata biyu in ka zauna gaban kwamfuta da awa ɗari na bidiyo wannan littafin ne zai cece ka.

To sai babban aikin, wato me za ka ɗauka. Kwanakin farko kusan duk abin da ka ɗauka shara ne, kowa na kallon kyamara yana ɗaga yatsu biyu, mawaƙi na magana kamar ana hira da shi a rediyo. Kar ka damu, ci gaba da ɗauka, ka zama kullum kana nan har su gaji da kai. Ka ci abinci da su, ka taya ɗaukar kaya, ka rage surutu, kar ka riƙa cewa a maimaita abu don ba ka kama ba, da zarar ka fara haka sun koma 'yan wasan kwaikwayo. Wajen mako guda za ka ga sun daina ganinka, a nan fim ya fara.

Minti goma kafin a hau siteji da minti goma bayan an sauko, waɗannan kar ka taɓa rasa su ko da za ka rasa wasan gaba ɗaya, wasan ka ba wani ya ɗauka. Wanda ya kalli Part of Me na Katy Perry na 2012 ba waƙoƙin yake tunawa ba, abin da ke zama a rai shi ne daren Sao Paulo a Burazil, aurenta da Russell Brand na rushewa, tana kwance tana kuka ma'aikatanta sun tsaya cirko cirko an rasa mai magana, jama'a a waje na kiran sunanta, can sai ta ce a fara mata kwalliya, aka kai ta ƙarƙashin siteji ta tsaya kan abin da zai ɗaga ta sama kanta a sunkuye, yana fara motsi ta ɗago ta ƙaƙalo murmushi. Mai kyamarar bai yi wata bajinta ba, yana wajen ne kawai kuma bai kashe ba, bai matsa kusa ya cusa mata kyamara a fuska ba, bai yi tambaya ba. In irin wannan ta same ka, ja da baya kaɗan, jingina da bango don hannunka ya daina rawa, ka bar shi ya yi tsawo. Ko za a saka ko ba za a saka ba, wannan maganar wata rana ce, kuma hakkin mai kukan ne ya faɗi tasa.

Kuma kar idonka ya tsaya kan mawaƙi kaɗai don shi ya saba da kyamara, ya san yadda zai ɓoye kansa. Nemi mutum biyu ko uku a cikin tawagar ka bi labarinsu, yaron da wannan ne karonsa na farko da ya tsallake boda, dattijon direban da ya yi shekaru yana jan mawaƙa, mai ɗinkin da ke gyara riga da fitilar waya ana saura minti biyar. Ka ɗauki jira, don rangadi yawancinsa jira ne, jira a boda ana duba takardu, jiran mai gala ya cika alkawarin kuɗi, jiran a gyara janareto. Ka ɗauki fili tun babu kowa ana jera kujeru, ka ɗauki layin masu sayen tikiti, ka ɗauki inda aka shimfiɗa darduma a bayan siteji ana sallar isha'i a gurguje. Rihazal kuwa ka ɗauke shi kamar shi ne wasan. This Is It na Michael Jackson kusan gaba ɗayansa rihazal ne, ana shirin wasanni 50 a O2 Arena da ke Landan ya rasu ranar 25 ga Yuni 2009 ba a yi ko ɗaya ba, bidiyon da aka ɗauka don ajiya shi ya zama fim a watan Oktoba na shekarar. Wanda ya ɗauka bai san haka za ta faru ba, an dai yi sa'a ya ɗauka da kyau.

Hira da mawaƙi, ni a ganina, kar ka zaunar da shi kan kujera da fitilu ka tambaye shi tarihinsa, haddar da ya saba yi wa 'yan jarida zai karanto maka. Kama shi a mota da daddare bayan an tashi, murya ta dushe, ka yi tambaya ɗaya gajera kan abin da ya faru yau, ka yi shiru. Shirun zai dame shi ya ci gaba da magana, abin da ya faɗa bayan ya ga kamar ya gama amsa shi ne naka.

A wajen editin kar ka jera garuruwa ɗaya bayan ɗaya, mun je nan mun yi wasa, mun je can mun yi wasa, mai kallo zai yi barci a gari na uku. Nemo tambaya ɗaya da za ta ja fim ɗin, muryarsa za ta kai daren ƙarshe kuwa, filin nan mafi girma zai cika kuwa, shi da manajan nan za su gama tafiyar tare kuwa. Fim ɗin Justin Bieber na 2011 ƙirgen kwanaki ne kawai zuwa wasansa na Madison Square Garden a New York, da matsalar maƙogwaro a tsakiya, shi ya riƙe mutane. Ka kuma samo hanyar da mai kallo zai bambance siteji da bayansa ba tare da an gaya masa ba, a na Madonna bayan fage baƙi da fari ne siteji kuma mai launi. Ba dole ka kwafi wannan ba, za ka iya barin bayan fage babu kiɗa ko kaɗan sai ƙarar mota da maganar mutane, siteji kuma ka buɗe sauti ya cika kunne. Waƙa kar ka saka ta gaba ɗaya sai ɗaya ko biyu da suka dace da inda labarin ya kai, sauran ɗan taɓawa ya isa. In abin da ka tara minti arba'in ne mai kyau to ka tsaya a arba'in.

Kafin ka saki, binciki wa ke da mallakar waƙoƙin, don sau da yawa mawaƙi ya rera amma hakkin na hannun furodusan fim ɗin da aka yi wa waƙar ko kamfanin da ya ɗora ta a intanet, kuma YouTube na gane sauti da kansa, yana iya karkatar da kuɗin tallan zuwa wani ko ya rufe bidiyon. Har waƙar wani da ta tashi a rediyon mota kuna tafiya za ta iya ja maka wannan, in ka ji an kunna kana ɗauka ka roƙi direba ya kashe. In kuma a Kano za ka haska shi ko ka sayar, ka leƙa hukumar tace finafinai ka ji sharuɗansu tun kana editin, musamman kan rawa da sutura, ya fi sauƙi ka canza hoto ɗaya yanzu da ka wargaza fim bayan an gama gyaran sauti.