Yadda Ake Auna Yawan Bishiyoyi da Nauyinsu a Kurmi

Wanda yake son sanin ko kurmi yana da lafiya sai ya fara da keɓe fili mai faɗin hekta 1, wato mita 100 a kowane gefe, ya kafa turaku, sannan ya raba shi gida 25 domin kada a tsallake wata bishiya ko a ƙirga ta sau biyu. Kada a zaɓi wurin da ya fi burge ido, domin yin haka yakan kumbura sakamako.

Duk bishiyar da kaurinta ya kai santimita 10 ana auna ta ne a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, daidai ƙirjin mutum. A zagaya jikinta da tef, a raba abin da aka samu da 3.14, a nan kauri zai fito. Manyan bishiyoyin kurmi da yawa suna da saiwoyi masu tasowa kamar katanga a gindinsu, don haka dole a hau tsani a auna sama da inda suka ƙare, a shafa fenti a wurin, a kuma maƙala lamba.

Ƙirga kaɗai yana yaudara, kuma a nan ne na fi son mai awo ya natsu. Kurmin da masu yankan katako suka shiga yakan cika da ƙananan bishiyoyi masu saurin girma da itace marar nauyi, alhali bishiya guda mai kaurin mita 1 ta fi ɗari masu santimita 10 nauyi. Shi ya sa kurmin Afirka, mai yawan manyan bishiyoyi, duk da bishiyoyinsa ba su kai na kurmin Amazon na Kudancin Amurka yawa a hekta ba, yakan fi shi nauyi. Saboda haka a auna tsayi, a gano nau'in kowace bishiya da yadda itacen wannan nau'in yake da nauyi, a saka su cikin lissafin da masanin kurmi Jérôme Chave da abokan aikinsa suka fitar a 2014, wanda ke ba da busasshen nauyin bishiya ba tare da an sare ta ba. Kusan kashi 47 cikin 100 na wannan nauyi kabon ne, wato sinadarin da bishiya ke zuƙa daga iska ta adana a jikinta.

Bayan kamar shekara 5 a koma a sake awo a kan fentin nan, a rubuta waɗanda suka mutu da sabbin da suka kai ma'auni, irin sake awon da aka yi a filin hekta 50 na gandun Korup a Kamaru.