Idan Kin Tare a Jos: Makon Farko

Da farko, kafin ki kwance kaya, buɗe ƙullin barguna. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, kuma sanyin Disamba da Janairu yana shiga har ƙashi. Na ga yaran da suka zo daga Sakkwato suna karkarwa da asuba, leɓe duk ya tsage. Ki tanadi man kaɗanya, ki riƙa ɗumama ruwan wanka. In rigunan sanyi sun gaza, akwai gwanjo a kasuwar Katako.

Sannan ki shiga maƙwabta da sallama, ko da ɗan goro ne a hannu. Su za su nuna miki mai ruwa da islamiyyar yara. Maigida kuma ya je ya gaida mai unguwa.

Cefane, kasuwar Farin Gada: dankalin Turawa, kabeji, karas. Ki je da safe.