Yadda za ka gane hoton barbarar ƙwari mai kyau da na banza

Toh jama'a damina ta kankama a Zariya, ko'ina ka duba yara sun cika waya da hotunan fara da mazari daga bakin dam ɗin ABU ko fadamar Galma, kowa na cewa nasa ya fi. Ni dai idan aka turo min hoto ba kala nake fara kallo ba, tambayata ta farko ita ce, shin barbarar ake yi da gaske ko kuwa ƙwari biyu ne kawai suka haɗu a kan ganye ɗaya?

Kowane ƙwaro da salonsa. Mazari namijin yana kama macen ta bayan kai da ƙarshen jelarsa, ita kuma sai ta lanƙwaso tata jelar zuwa ƙasan cikinsa kusa da ƙirji su yi zobe kamar zanen zuciya, in ba ka ga zoben nan ba toh riƙo ne kawai, ko dai ba a fara ba ko an gama. Malam-buɗe-littafi jela da jela suke haɗawa kowa na kallon gabansa. Fara kuwa namijin ne ƙarami, yana bisa bayan macen, shi ya sa wasu ke rubuta wai uwa ce ta goya ɗanta, haba malam.

Daga nan sai fokas, kuma a nan yawanci ake faɗuwa. Idan ka matso kusa da ƙaramin abu wurin da ke fitowa tas ba ya da faɗi ko kaɗan, sai ka ga idon namiji ya fito rangaɗau amma macen ta zama hazo. Ka yi zum a kan hoton ka duba idanun duka biyun da wurin da suka haɗu. Wanda ya iya, ta gefe yake tsayawa yadda nisansu da kyamara zai zo ɗaya, mai babbar kyamara kuma ya sa f/8 ko f/11, wato ya rage buɗewar ƙofar hasken kyamarar don wurin da ke fitowa tas ya ƙara faɗi. In wurin haɗuwar ya ɓuya bayan ciyawa ni na cire maki, komai kyan bayan hoton.

Haske, na safe ya fi. Ranar azahar tana ƙone fiffike ya zama fari fat, filasha kai tsaye ma haka take yi wa bayan buzuzu.

Hoton ƙwai kuma a bar mu mu ga inda aka saka shi, don wurin ma labari ne. Fararen ƙwan da ƙwaron wake ke mannawa a jikin ƙwayar wake, ko ɗakin lakar zanzaro a lungun bango, ko kumfar da ƙoƙi-ƙoƙi ke liƙawa a reshe ta bushe, idan aka yanke hoton har ba a gane girman abin ba an rage masa amfani.

Sai maganar algus. Ƙirga ƙafa, shida ne, mazari fiffike huɗu, hotunan AI a nan suke yawan tona wa kansu asiri. Akwai kuma masu sa ƙwaro a firji ya sandare su jera shi a kan fure, za ka ga ƙafafun sun naɗe ciki ba su riƙe komai ba. In ka yi shakka ka ce mai hoton ya turo maka hotunan da ya ɗauka kafin wannan da bayansa, da rana da wurin.