Yadda ake sarrafa dawa ta zama burukutu, da abin da masana'antun Najeriya suka tarar a tukunyar mata

Tun kafin kwalbar giya ta farko ta fito daga masana'anta a Legas, mata a ƙasar Filato, da kudancin Kaduna, da Binuwai, da ƙauyukan Maguzawa na ƙasar Kano da Katsina suna dafa burukutu daga dawa, don bukukuwa da gayya da ranakun kasuwa. Musulunci ya haramta shan duk abin da ke sa maye, kuma dokokin yawancin jihohin da suka ɗauki shari'a tun daga 1999 sun hana sayar da shi, amma sanin yadda ake yin sa yana buɗe wani babi na tarihin hatsinmu, domin tsiron da ake kafa burukutu a kansa ɗan'uwa ne ga wanda ke zaƙaƙa kunu.

Aikin yana farawa da zaɓen dawa, kuma masu sana'ar sun fi son ja, saboda ita ke ba burukutu launinsa. Ana sheƙe ta, a wanke, a jiƙa a randa ta kwana, sannan a tsane ta a baza a kan tabarma a wuri mai inuwa, a lulluɓe da ganye ko jiƙaƙƙen buhu. Ana yayyafa mata ruwa safe da yamma, ana juya ta don kada ta yi zafi ta ruɓe, har kwana huɗu zuwa biyar, lokacin da saiwa da ɗan toho suka ɓullo daga kowace ƙwaya. Wannan shi ne tsiro. A cikin kwanakin nan ƙwayar tana samar da sinadaran da ke narka sitaci ya koma sukari, kuma idan tsiron bai kankama ba, babu dabarar da za ta gyara tukunyar daga baya. Daga nan sai a shanya shi a rana ya bushe ƙayau, a kai niƙa.

Mataki na biyu shi ne inda gwaninta take, kuma nan ne ya kamata mai karatu ya dakata. Ana dama garin tsiron da ruwa, wasu kan ƙara garin rogo don ya yi kauri ya kuma yi auki, sai a bar shi ya kwanta. Idan ƙullun ya sauka ƙasa, ana kwashe ruwan da ya taso sama a ajiye shi gefe ba tare da ya ga wuta ba, a ɗora ƙullun kaɗai a murhu ana tuƙawa har ya nuna kamar koko, sannan a sauke, ya sha iska, a mayar masa da ruwan nan da aka ajiye. Dalilin wannan raba-gari shi ne, sitacin dawa ba ya nuna sai da zafi mai yawa, alhali sinadaran tsiron da za su mayar da shi sukari mutuwa suke yi a irin wannan zafin. Ruwan saman yana ɗauke da su, don haka aka tsare shi daga wuta. Matan da suka gano wannan ba su taɓa riƙe ma'aunin zafi ba. Da yatsa da harshe suke awo.

Bayan an haɗa, ana barin tukunyar ta kwana domin ta yi tsami, irin tsamin da gasara ke yi, wanda ke hana miyagun ƙwayoyin cuta yaɗuwa a ciki. Washegari a tace, a mayar da ruwan kan wuta ya tafasa na sa'o'i har ya ragu ya yi zaƙi, kuma wannan dahuwar ce ke cin itace mai yawa, ita ce kuma babban kuɗin da mai sana'ar ke kashewa. Dusar da ta rage dabbobi ake ba.

Mataki na ƙarshe gajere ne. Idan ruwan ya huce, ana zuba masa ragowar tukunyar da ta gabata, wadda ke ɗauke da yis, sai ya fara kumfa, yis ɗin yana cin sukari yana mayar da shi barasa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ana sayar da shi a ƙwarya yana kan tashi, domin bayan 'yan kwanaki tsami ke cinye shi. Burukutu yana da kauri da duhu, pito kuwa, ɗan'uwansa da ake yi da dawa, an fi tace shi, ya fi tsinkewa, kuma shi ya fi yawa a arewacin Ghana. A Burkina Faso ana kiran irinsa dolo, a arewacin Kamaru da Chadi bilbil.

Giyar kwalba wata hanya ta biyo. An kafa kamfanin Nigerian Breweries a 1946, ya fitar da Star a 1949, wato giya mai haske da ake yi da tsiron sha'ir da wani fure mai ɗaci, a tsuma ta cikin sanyi na makonni. A 1962 aka kafa Guinness a Najeriya, kuma masana'antarsa ta Ikeja ita ce ta farko da ya gina a wajen Ayalan da Birtaniya. Baƙin launin giyarsa daga gasasshen hatsi yake fitowa. Duka biyun da sha'ir na ƙasashen waje suka dogara, har zuwa 1988, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da shi domin tsimin kuɗin waje. Dole masana'antun suka koma ga dawa da masara, suka kuma ci karo da matsalar nan ta sitacin da ba ya nuna sai da zafin da ke kashe sinadaran tsiro. Wasu sun warware ta da sayen sinadaran da aka haɗa a masana'anta, wasu kuma da dafa ƙullu daban a mayar masa da ruwansa daga baya, sai dai a manyan tankunan ƙarfe maimakon tukunyar ƙasa. Tun daga lokacin kamfanonin giya da na lemon malt suka shiga sahun masu sayen farar dawa da kaura a kasuwannin hatsi na Arewa.